Yadda Ake Tsara Ziyarar Yini Ɗaya Zuwa Gwandu Da Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa rubuta "Jaipur" a Google Maps ya ga yadda gari yake idan intanet ta san shi. Birnin sarauta ne a jihar Rajastan ta Indiya, Sarki Jai Singh na biyu ya kafa shi a 1727, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Waya za ta nuna fadar sarki, ta nuna Hawa Mahal, ginin nan mai ɗaruruwan tagogi, ta faɗi ƙarfe nawa ake buɗewa da nawa ake biya a ƙofa, ta zubo dubban hotuna da ra'ayoyin waɗanda suka riga suka je. Matashi yana kwance a ɗakinsa a Dangoma zai iya tsara yawon kwana biyu a Jaipur, awa bayan awa, ko da kuwa ko fasfo ba shi da shi.

Idan ya goge ya rubuta "Gwandu", garin da zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Alhali daga wannan gari aka mulki yammacin Daular Usmaniyya. Dalilin bambancin a fili yake: taswirar waya da abin da mutane suka zuba mata take aiki. Miliyoyin baƙi sun zuba mata bayanin Jaipur, na Gwandu kuwa mafi yawansa yana cikin littattafai da kawunan dattawa. Saboda haka tsara tafiya zuwa irin wannan gari yana buƙatar mutum ya san abin da waya za ta iya yi masa da kuma inda za ta bar shi a tsaye. Wanda bai san wannan ba shi ne magariba ke riska a tasha, waya ta mutu, aljihu ba tsabar kuɗi, iyaye kuma suna ta kira ba ta shiga.

Gwandu guda biyu

Tarkon farko yana cikin sunan. Wanda ya nemi "fadar Sarkin Gwandu" a taswira, Birnin Kebbi za a kai shi, domin a nan Sarkin Gwandu yake zaune, a Fadar Abdullahi Fodiyo, tun da aka mayar da hedikwatar masarautar can a zamanin Turawa. Tsohon garin Gwandu kuwa yana gabas da Birnin Kebbi, kusan kilomita 50 a miƙe, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Gwandu. Mai son ganin fada da dogarai Birnin Kebbi zai nufa. Mai son ziyartar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ganin garin da aka yi tarihin a cikinsa, Gwandu zai tafi.

Tarihin yana da amfani ga tsarin tafiya, domin shi ke gaya wa mutum abin da zai tambaya idan ya isa. Sunan garin daga "gandu" ya fito, wato gonakin sarauta na Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. A 1805, bayan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun ci Birnin Kebbi a ƙarƙashin jagorancin ƙaninsa Abdullahi, Shehu ya zauna a Gwandu, ya yi 'yan shekaru a nan kafin ya koma Sifawa, daga baya Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Da aka raba sha'anin mulki, Muhammadu Bello ya riƙi gabas, Abdullahi ya riƙi yamma, Gwandu ta zama cibiyar wannan ɓangare wanda ikonsa ya kai har ƙasar Nupe da Ilori. A 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a garin a zamanin Sarki Halilu, kuma a nan ya samu kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Songhai da Timbuktu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin littattafan da ke hannun malaman garin a lokacin.

Barth "Gando" ya rubuta sunan garin, tsofaffin takardun Turawa da yawa ma haka. Mai bincike a intanet ya gwada sunayen biyu, kamar yadda zai gwada "Kabi" da "Kebbi", ko "Abdullahi Fodiyo" da "Abdullahi ibn Fodio". Zai kuma tarar wasu shafuka sun ce Malam Abdullahi ya rasu a 1828, wasu sun ce 1829. Irin wannan saɓani ya zama ruwan dare a tarihin wancan zamani, saboda da shekarar Hijira aka rubuta shi, ita kuma shekarar Hijira guda kan ratsa shekarun Miladiyya biyu.

Akwai jarabar a haɗa Gwandu da Argungu a rana ɗaya, domin a kan allon waya kamar maƙwabta suke. Argungu tana da Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarkin Kabi wadda aka zauna a cikinta har 1942 aka kuma mayar da ita gidan tarihi a 1958, ga kogin Matan Fada inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bikin da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Wuri ne da ya cancanci yininsa shi kaɗai. Wanda ke da motar kansa yana iya gwada haɗa biyun. Wanda zai bi motar haya kuwa, a tasha rabin ranar za ta ƙare masa. Gari ɗaya a yini ɗaya ya fi.

A sauke taswira tun a gida

Mutane da yawa suna zaton ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda mutum yake a taswira da data yake aiki. Ba haka ba ne. Wayar tana sauraren saƙon taurarin ɗan'adam na GPS ne kai tsaye, ta lissafa nisanta da kowannensu, ta gano inda take. Ba ta aika musu komai, ba a kuma cire ko kwabo a layi. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar kansa, wato tituna da sunayen garuruwa da ake jawowa daga intanet yayin da mutum ke tafiya. Idan sabis ya ɗauke, ɗigon yana nan, amma sai ya zauna a kan farin fili babu titi babu suna.

Maganin shi ne a sauke zanen tun kafin a fita. A Google Maps sai a taɓa hoton mai asusu da ke sama ta dama, a shiga inda aka rubuta Offline maps, a zaɓi Select your own map. Wani akwati zai bayyana a kan taswira. A ja shi da yatsu har ya rufe Kalgo da Birnin Kebbi da Jega da Aliero da Gwandu baki ɗaya, ko da ba duka za a bi ba, domin direba na iya sauya hanya. Manhajar za ta faɗi girman abin da za a sauke kafin a danna. Wanda wayarsa ta cika yana iya tura shi kan katin memori daga saitin wannan shafi. A kuma duba ranar ƙarewar da aka rubuta a ƙarƙashin taswirar, domin wadda aka sauke tun bara tana iya zama ta daina aiki.

Taswirar Google da aka sauke tana da iyaka. Hanyar mota kawai take lissafawa idan babu data, ba ta ba da hanyar ƙafa, ba ta nuna cunkoso. A cikin tsohon gari mai lunguna wannan gibi ne babba. Nan Organic Maps take da amfani. Kyauta ce, babu talla, an gina ta don aiki ba tare da intanet ba, kuma tana lissafa hanyar ƙafa. Bayananta daga OpenStreetMap suke, taswirar da masu sa kai ke zanawa tun 2004. A wani garin ita ta fi Google cika, a wani kuma Google ta fi ta, ya danganta da wanda ya zauna ya zana wurin. Kafin tafiya a buɗe Gwandu a duka biyun a kwatanta, wadda ta fi nuna lunguna ita za a riƙe a cikin gari.

Sai gwaji, wanda mafi yawan mutane ke tsallakewa. A kashe data da Wi-Fi, a buɗe manhajar, a nemi hanya daga Dangoma zuwa Gwandu. Idan layin hanya ya fito, an gama. Idan bai fito ba, akwatin bai rufe wani ɓangare ba, sai a sake. Gara a gano haka a tsakar gida.

Wani abin koyo shi ne kafa alama. Idan aka danna wuri a taswira aka riƙe, jar alama za ta sauka, lambobi biyu su fito. Na Gwandu suna farawa da misalin 12.50 da 4.64. Ta farko nisa ne arewa daga tsakiyar duniya, ta biyu nisa ne gabas daga layin Girinwich. Lambobin da ke bayan ɗigo su ne daidaiton wurin: guda uku sun kai mutum cikin tazarar mita ɗari da 'yan kai, guda biyar kuwa sun kai shi cikin kimanin mita ɗaya. Don haka idan za a kwafa a kwafe su duka. Da an sauka daga mota a Gwandu, abu na farko shi ne a kafa alama a tashar, a adana ta da suna. Komai ɓatan da aka yi a cikin gari, hanyar komawa tana aljihu.

Lokacin da taswira ba ta ƙirgawa

Idan taswira ta ce tafiya awa kaza ce, tana nufin motar da ta tashi yanzu kuma ba ta tsaya ba. Ba ta san zaman jiran mota ta cika ba, ba ta san shingen jami'an tsaro ba, ba ta san direba zai tsaya shan mai ko sauke buhunan wani ba. Tana iya nuna hanyar da ta fi gajarta alhali ruwan damina ya cinye ta. Direbobin tasha su ne suka san hanyar da ake bi a wannan makon, su suka san ƙarfe nawa motar ƙarshe ke barin Gwandu, da ranar da kasuwa ke sa motoci su yawaita. A je tasha kwana ɗaya kafin tafiya a tambaya, a karɓi lambar direba ɗaya ko ɗan kamasho.

Daga baya ake fara lissafi. A sa lokacin da ake son a kasance a gida, wato kafin magariba. A ɗauka taswira ta ce awa ɗaya da rabi. A ƙara rabin wannan saboda tsaye-tsaye, ya zama awa biyu da kwata, a ƙara awa guda ta jiran mota. Ke nan sai an bar gari awa uku da kwata kafin faɗuwar rana. A Disamba rana na faɗuwa a yankin Birnin Kebbi wajen ƙarfe 6:25, don haka da misalin ƙarfe 3 ya kamata a kama hanyar tasha. Abin da ya rage tsakanin isowa da wannan lokaci shi ne ainihin ziyarar, kuma sau da yawa bai wuce awa huɗu ba. Wanda ya tashi bayan asuba ya fi kowa riba.

A nan akwai wani ƙaramin kuskure da ke ɓoye a wayoyi da yawa. Manhajar lokutan salla takan zo da Kano ko Abuja a matsayin gari, mai waya kuma bai taɓa sauyawa ba. Kowane digiri ɗaya zuwa yamma yana jinkirta rana da minti huɗu, kuma Birnin Kebbi na yamma da Kano da fiye da digiri huɗu. Ke nan kiran sallar magariba na waya zai riga faɗuwar rana da kimanin minti 17. Ga mai azumin nafila wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shiga saiti a bar manhajar ta ɗauki wuri daga GPS. Batun kasaru kuma, malaman Malikiyya suna ambaton mil 48, kimanin kilomita 80. Taswira za ta ba da tsawon hanya daidai, hukuncin kuwa a kai wa malami.

Kada a bar wa ChatGPT ragamar tafiya

Yanzu an saba tambayar ChatGPT ko Gemini ko Meta AI da ke cikin WhatsApp a ce su tsara tafiya. A kan Jaipur sukan yi abin kirki, saboda rubuce-rubucen da aka horar da su a kai suna da yawa. A kan Gwandu za su ba da amsa mai tsari iri ɗaya, da ƙarfin gwiwa iri ɗaya, amma inda bayani ya ƙare musu sai su cike da abin da ya yi kama da gaskiya. Suna iya ƙirƙiro lokacin buɗe wuri, ko kuɗin shiga, ko sunan masauki, ko su ɗauko fadar Birnin Kebbi su dasa ta a Gwandu. Ba da gangan ba ne, aikinsu shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, ba su da hanyar leƙa garin su gani.

Suna da amfani wajen tuna wa mutum kayan da zai ɗauka, ko taƙaita masa dogon rubutun Turanci da ya manna musu da kansa. Amma duk abin da ya shafi lokaci, kuɗi, hanya ko tsaro, a ji shi daga bakin mutum. Ɗan makarantarku da ya fito daga Gwandu, ko ɗan uwan da ke aiki a can, kira ɗaya zuwa gare shi ya fi shafi goma na amsar na'ura. Shi ne kuma zai haɗa baƙo da wanda zai zagaya da shi.

Batir

Taswira, kyamara da allo mai haske a tsakar rana su ne manyan masu shan caji, kuma a wannan tafiya duka ukun za su yi aiki tare. Akwai na huɗu da ba a gani. Inda sabis ke da rauni waya na ƙara ƙarfin aikawa tana ta neman eriya, sai batir ya riƙa zuba ko tana aljihu. A irin wannan wuri a sa ta a yanayin jirgin sama. GPS zai ci gaba da aiki, taswirar da aka sauke ma haka. A riƙa cirewa lokaci-lokaci don duba saƙo.

Game da fawa bank, lambar da ke jikinsa tana ruɗar mutane. Mai 10,000 mAh ba zai cika wayar 5,000 mAh sau biyu ba. An auna lambar ne a kan bolt 3.7 na batirin da ke ciki, wanda ya ba da ƙarfin wat-awa 37. Kafin wutar ta fita ta waya sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, wanda ya mayar da lissafin 7,400 mAh, sannan wani kaso ya tafi a zafi wajen juyawa. Abin da ke isa waya bai cika wuce 6,000 da 'yan kai ba. Wato cikawa ɗaya da ɗan ƙari. Kamfanonin kirki sukan rubuta wannan lamba ta biyu da ƙananan haruffa a bayan kwali. Wanda kuma ya ga fawa bank ƙarami mara nauyi an rubuta masa 50,000, ya ajiye shi ya wuce. Ga mutum ɗaya a yini ɗaya mai 10,000 na gaskiya ya isa. Idan mutum huɗu ne za su dogara da shi, bai isa ba.

Zafi shi ne babban abokin gabar batir. Apple, misali, ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, ga shi a watannin Maris da Afrilu zafin Kebbi kan haura 40. Waya a gaban gilashin mota, tana caji, taswira a buɗe, za ta yi zafi har ta rage gudu ko ta ƙi karɓar caji. A cire mata riga, a sa ta a inuwa, a bar caji sai ta huce. Tafiyar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta fi sauƙi ga mutum da waya, sai dai ƙura da ke shiga ramin caji da hazo da ke dusashe hoton nesa.

Idan rukuni ne, a ware waya ɗaya a kashe ta gaba ɗaya a jefa a jaka. Ko ƙaramar mai madannai ce ta wadatar. Ita ce ta dawowa.

Kuɗi da layi

A riƙe tsabar kuɗin mota na zuwa da dawowa a aljihu daban, kada a taɓa su don tsire ko tsaraba. Turawa ta OPay ko Moniepoint ko manhajar banki tana buƙatar sabis, mai POS ma haka, kuma ranar da aka fi buƙata ita ce ranar da saƙo ke maƙalewa. Wanda ke da layi biyu ya haɗa kamfanoni daban, kamar MTN da Airtel, domin inda ɗaya ya ɗauke wani lokaci ɗayan na nan. Tun 2023 lambobin sun zama iri ɗaya a dukkan layuka: *310# don duba kuɗi, *323# don duba data, *312# don sayen data, *303# don rance. Abokan tafiya su rubuta abin da kowa ya kashe a Google Keep ko a saƙo ɗaya na rukuninsu, a raba a gida. Lissafin baki shi ke ɓata zumunci bayan tafiya.

Wa ya san inda ake

Wasu yankunan kan iyaka na jihohin Kebbi da Sakkwato sun sha fama da matsalar tsaro a 'yan shekarun nan, kuma babu manhajar da za ta ce wa mutum hanya kaza lafiya take yau. Shi ya sa wurare irin su kufan Surame, tsohon birnin Kanta da ke ƙaramar hukumar Binji a jihar Sakkwato, ba wurin da matasa za su bi taswira kawai su nufa ba ne, komai kyan tarihinsa, sai da shawarar mutanen yankin. Ko tafiyar Gwandu ma a bi babbar hanya, da rana, a tambayi direbobi halin da ake ciki da safen.

Mutum ɗaya a gida, yaya ko mahaifi, ya san tsarin duka: inda za a je, da wa, da ƙarfe nawa za a dawo. A WhatsApp ana iya tura masa wurin da ake kai tsaye, a zaɓi minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Na awa 8 shi ya dace da wannan tafiya, amma yana buƙatar data, idan sabis ya yanke sai ɗigon ya tsaya a wuri na ƙarshe. A gaya wa na gida wannan tun farko, kada ɗigo ya tsaya hankalinsa ya tashi. Inda data ba ta aiki, saƙon tes yakan fita. A kwafi lambobin nan biyu daga taswira a tura ta tes, wanda ya karɓa ya manna su a Google Maps zai ga wurin daidai. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma 122. A rubuta lambobin mutum biyu a takarda a sa a aljihu, domin yawancin matasa yanzu ko lambar mahaifiyarsu ba su haddace ba.

Akasin wannan shi ne sanar da duniya. Ɗora hoto a Facebook ko a status ana cewa "yanzu haka muna Gwandu, sai yamma za mu juyo" bayani ne ga wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Hoton ba zai lalace ba idan ya jira dare.

Kyamara a wurin da ake girmamawa

Hubbare wurin ziyara da addu'a ne, mutanen da ke zaune a wurin ba kayan kallo ba ne. A yi sallama, a gaida masu kula da wurin, a cire takalmi inda ake cirewa, a sa waya a shiru, a kuma tambaya kafin a ɗaga kyamara. Idan an ce a'a, magana ta ƙare. Ɗaukar bidiyon TikTok da kiɗa a irin wannan wuri na iya jawo wa mutum abin da bai shirya masa ba, kuma yana ɓata wa baƙin da za su zo bayansa. A fada ma dogari ake tambaya. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa a bar shi a gida, domin tashinsa a Najeriya na buƙatar izinin hukumar NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Hasken safe da na bayan la'asar su suka fi fito da ginin ƙasa, na tsakar rana yana wanke launi ya bar inuwa mai kauri. A goge gilashin kyamara da gefen riga kafin kowane ɗauka, musamman da hunturu. A matsa kusa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsu, domin a yawancin wayoyi jawowar yanke hoton kawai take yi ta faɗaɗa shi. Bidiyon 4K na iya cin megabayit 300 ko fiye a minti ɗaya, na 1080p kuwa bai kai rabin haka ba, kuma a allon waya da wuya a ga bambanci.

Abin da ya fi hoto daraja a Gwandu shi ne abin da dattijo zai faɗa. Idan ya yarda, a kunna manhajar naɗar murya a ajiye wayar kusa da shi. Awa guda ta murya ba ta cika wuce megabayit 60 ba. A fara da faɗin kwanan wata da wurin da ake, don kada bayan shekara a rasa ko muryar wa ce. Google Lens yana karanta Larabcin ɗab'i ya fassara, amma rubutun hannu na warash da ajami sukan gagare shi, gara a nemi mai wurin ya karanta a naɗa.

Wajen raba hotuna tsakanin abokai, WhatsApp na matse hoto ya rage masa inganci. A tura shi a matsayin fayil, ko a yi amfani da Quick Share ko Xender tun ana cikin mota, babu data. Sai dai a sani, hoton da aka tura a matsayin fayil yana tafiya da bayanan da ke cikinsa, har da lambobin wurin da aka ɗauke shi idan an bar wa kyamara izinin GPS. Ga hoton ganuwa wannan alheri ne. Ga hoton da aka ɗauka a cikin gidan wanda ya sauki baƙi, a cire kafin a tura.

Bayan an dawo

Wanda ya je ya dawo yana riƙe da abin da taswirar ta rasa. A Google Maps akwai sashen Contribute, a ciki akwai Add place, inda ake saka sunan wuri da nau'insa da hoto. Ba nan take yake fitowa ba, sai an duba shi. A Organic Maps ma ana iya ƙara wuri, ya shiga OpenStreetMap idan mutum ya buɗe asusu a can. A saka tasha, masallaci, wurin cin abinci, abubuwan da baƙo zai nema, da sunan da mutanen gari ke kiran su. Maballin Gboard yana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, sai a ƙara shi a saitin harsuna don sunayen su fito daidai.

Hotuna masu kyau kuma suna da gurbi a Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ke ɗaukar hotuna daga ciki. Sharaɗi shi ne mutum da kansa ya ɗauki hoton, kuma ya yarda kowa ya yi amfani da shi muddin an ambaci sunansa. Wannan izini ba a janye shi bayan an bayar, don haka hoton da fuskar wani ta fito a ciki ba tare da yardarsa ba a bar shi a waya. A sa wa fayil suna mai ma'ana, kamar sunan wurin da garin da shekarar, maimakon IMG da jerin lambobi, domin da wannan sunan mai bincike zai same shi.